Wayar Birkin Da Na Ɓoye

Edita, ina gaisuwa. Na daɗe ina karanta labaran da mutane suke aiko muku a wannan shafi, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan ɗauki biro ba. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Waɗanda abin ya shafa sun san kansu, kuma sai da na nemi izininsu kafin na zauna rubutu.

Lokacin da abin ya faru ni malamar Turanci ce a wata makarantar mishan a Kagoro. Shekaruna arba'in da ɗaya, ina da miji da yara uku. Ni ce sakatariyar ƙungiyar malamai, ni ce kuma mai rubuta bayanin taro a zumuntar mata ta majami'armu. An san ni da tsare doka. Idan an ce taro ƙarfe huɗu, huɗu da minti biyar na rufe ƙofa, ko matar fasto ce a waje. Ina jin daɗin wannan suna fiye da yadda ya kamata, kuma ban san yawan abin da zan iya yi don in kare shi ba sai da aka gwada ni.

Da kuɗin mai ya tashi, zirga-zirga ta zama mana wahala. Sai wani ɗan kasuwa daga Kafanchan ya zo da shawara, cewa zai ajiye mana ƙananan babura masu caji guda huɗu a makaranta, mu riƙa amfani da su tare. Irin waɗanda ba sa shan mai, masu ƙananan tayoyi da wurin ajiye ƙafa a gaba. Ya kafa musu sola a bayan ofishin hedimasta. Duk mai buƙata sai ya sa hannu a littafi ya ɗauki maɓalli, idan ya dawo ya sake sa hannu ya rubuta halin da ya dawo da babur. Ya kawo takardar yarjejeniya mai shafi uku, ni na sa hannu a madadin malamai. Gaskiya shafin farko kawai na karanta, don an buga ƙararrawa ina da aji. Amma dokokin da aka manna a bangon littafin, da hannuna na rubuta su: ba a wuce Kafanchan, ba a ɗaukar mutum biyu, ba a ɗaura kaya mai nauyi, kuma duk wanda ya ga matsala ya faɗa nan take.

A cikinmu akwai wani dattijo da kowa yake kira Baba. Shi ya koya mini lissafi tun ina 'yar ƙaramar makaranta, kuma da babana ya rasu ina aji uku na sakandare, shi ya je har ƙauyenmu ya roƙi kawunnaina kada su cire ni daga karatu. Ya yi ritaya tuni, amma makaranta ta roƙe shi ya ci gaba da koyarwa, don ba a samu wanda yara suke ganewa kamarsa ba. Shekarunsa sun kusa saba'in. Shi ne ya fi kowa murna da zuwan baburan nan. Ya ce gwiwoyinsa sun gaji da buga wa tsohon babur ɗinsa kik kowace safiya, ga wannan kuwa murɗa maɓalli kawai. Yakan hau ya zauna a miƙe kamar wanda za a ɗauka hoto, yana tafiya a hankali har masu keke suna wuce shi.

Wata Asabar a farkon damina mamata ta aiko cewa ta samu irin citta a wurin wani ɗan'uwanmu, amma ba wanda zai kai mata gona, ga ruwa ya sauka, kowa yana shuka. Ƙauyenmu yana bayan Fadan Kagoma, can gaba da Kafanchan. Na duba littafi, ba wanda ya nemi babur ranar. Na rubuta cewa Kafanchan za ni, na ɗauki maɓalli. Na je na ɗaura buhun citta a baya da igiyar roba, na kama hanyar gona. A wani gangare da ruwa ya zaizaye, tayar gaba ta faɗa rami, buhun ya rinjaye ni, muka kwanta gefe ni da babur. Ban ji ciwo ba sai ƙujewa a gwiwar hannu. Amma hannun birkin gaba ya lanƙwashe. Na tura shi zuwa wurin wani mai gyaran keke a bakin titi, ya miƙar da ƙarfen, sannan ya kira ni ya nuna mini wayar birkin. Ta tsintsinke a wurin da ta shiga hannun, saura 'yan silili ne suke riƙe da ita. Ya ce ba shi da irin wannan waya, in tabbata an canja ta kafin wani ya hau, don tana iya tsinkewa kowane lokaci. Na ce masa to.

Na dawo da yamma ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Na wanke laka, na goge babur ɗin tas, na sa shi a caji. Na buɗe littafin, ga dokokin nan da rubutuna suna kallona. Idan na faɗi gaskiya, sai an tambaye ni inda na faɗi, sai a ji na wuce iyaka kuma na ɗaura buhu. Makonni biyu kafin nan na tsaya a taro na wanke wani matashin malami tas saboda ya goya matarsa. Na tuna fuskarsa. Sai na rubuta kalma ɗaya: lafiya. Na ce wa kaina ranar Litinin da sassafe zan kira makanike a ɓoye ya canja wayar, ba wanda zai sani. Ranar Lahadi na je sujada, na yi waƙa tare da kowa. Ranar Litinin ƙaramin ɗana ya tashi da zazzaɓi, na biya da shi kemis, na iso makaranta bayan an gama taron safe. Da na leƙa bayan ofis, babura uku ne a wurin.

Baba ne ya ɗauki wanda na faɗi da shi, zai je karɓo takardun jarrabawa a wurin mai buga takardu. Daga ƙofar makarantarmu zuwa babban titi gangare ne mai tsawo. A ƙasan gangaren wata mata ta fito daga injin niƙa da kwano a kai. Waɗannan babura ba su da ƙara, ba ta ji zuwansa ba. Ya matsa birki, wayar ta tsinke, birkin baya kuwa dama ba shi da ƙarfi. Ya buge ta, su biyun suka faɗa kwata. Ita ƙafarta ta karye a ƙasan gwiwa. Shi ƙugunsa ya goce, hannunsa na dama ya karye, kansa ya fashe don ba hular kwano. Babur ɗin ya daki dutse, duk gabansa ya murƙushe, har ba wanda zai iya cewa wayar kafin faɗuwa ta tsinke ko bayanta.

Ni ce na fara isa asibiti daga cikin malamai. Mutane suka ce dubi yadda take ƙaunar Baba, har kuka take kamar mahaifinta ne. Na bar su suna faɗin haka.

Cikin kwana biyu magana ta koma hannun 'yan sanda. Mijin matar da danginsa suka kai ƙara. Aka kira mai baburan, ya zo da takardar yarjejeniya ya buɗe shafi na uku, wanda ban karanta ba. A can an rubuta cewa duk abin da ya faru a hanya yana wuyan wanda yake tuƙi. Ya kuma buɗe littafin sa hannu ya nuna cewa wadda ta hau ƙarshe ta rubuta lafiya, kuma ita ce sakatariya, wadda kowa ya san ba ta ƙarya. A nan muka gane baburan ba su da inshora, ba su da lamba, kuma tunda aka kawo su ba wanda ya taɓa zuwa duba su. Ɗan sandan da yake riƙe da maganar ya tambaye ni ko na lura da wani abu ranar Asabar. Na ce ban lura ba. Ya rubuta. Ya ce idan Baba ya samu sauƙi za a kai shi kotu kan tuƙin ganganci.

Kullum da rana bayan an tashi makaranta sai in dama kunun acca in kai asibiti. Matar Baba, wadda muke kira Mama, tana karɓa tana sa mini albarka, tana cewa 'ya'yan da ta haifa suna Kaduna da Abuja, amma Ubangiji ya bar mata ɗaya a kusa. Nakan zauna a bakin gadon in riƙe masa kofi, don hannunsa yana cikin filasta. Abin da ya fi damunsa ba ciwon ba ne. Kullum sai ya sake ba ni labarin gangaren daga farko. Ya ce yana jin kamar ya matsa birki, amma 'ya'yansa sun ce wataƙila ya rikice ne ya murɗa totur, haka tsufa yake yi wa mutum. Da farko yana musu. Daga baya ya daina. Ya fara tambayata ko na taɓa lura yana mantuwa a aji, ko yara suna dariya a bayansa. Mutumin da yake iya raba lambobi bakwai a ka, na ga yana ƙirga ƙwayoyin maganinsa sau uku yana kiran nas ta tabbatar masa.

A mako na biyu na tare wani lauya da muke majami'a ɗaya bayan sujada. Na ce masa wata ƙawata ce take tambaya: idan mutum ya san abin hawa yana da matsala, ya mayar bai faɗa ba, wani ya hau ya ji wa mutum ciwo, wa doka za ta kama? Ya ce takardar da mai kaya ya rubuta ba ta wanke shi gaba ɗaya, domin wanda ya ba jama'a abin hawa dole ya riƙa duba lafiyarsa. Ya ce mai tuƙi ma ana duba nasa. Amma wanda ya san da haɗari ya rufe baki, har ya rubuta akasin haka, shi ma yana da amsar da zai bayar, kuma idan ya yi wa 'yan sanda ƙarya ya ƙara wa kansa wani laifin. Ya gyara tabarau, sannan ya ce in gaya wa ƙawata cewa gara ta je da ƙafarta kafin mai gyaran da ya ga wayar ya ji labari ya zo da tasa. Ban gaya masa akwai mai gyara ba. Na gane daga baya cewa ya san yadda irin waɗannan labarai suke tafiya ne kawai. Duk da haka na ƙara mako guda ina kai kunu.

Ranar da ta cika kwana ashirin da ɗaya, Mama ta fita wanke kwanuka, Baba ya ce in ɗauko takarda da biro a jakata. Ya ce zai faɗa in rubuta, wasiƙar ajiye aiki ce zuwa ga hedimasta. Na fara rubutu. Ya ce in rubuta cewa ya gode wa makaranta, amma ya gane hankalinsa da hannunsa ba abin dogara ba ne yanzu, kuma mutumin da ba zai iya bambanta birki da totur ba bai kamata a bar shi a gaban yara ba. Ya riga ya yarda. Na rubuta layi biyu, biro ya ƙi tafiya. Na ajiye takardar a kan gado na durƙusa a kan siminti, na faɗa masa komai, tun daga buhun citta har kalmar da na rubuta a littafi, har abin da na gaya wa ɗan sanda.

Ya kalli silin. Na yi zaton zai ce in fita. Sai ya ce, a hankali, "'Yata, sake faɗa mini. Wato na matsa birkin?"

Na ce, "Ka matsa, Baba. Wayar ce ta tsinke."

Ya rufe ido, hawaye suka gangara zuwa kunnuwansa. Ban taɓa ganin ya yi kuka ba, ko ranar da aka binne ɗansa na fari. Ya ɗaga hannun da ba shi da filasta yana buɗe yatsu yana rufewa, yana kallonsu. Bayan wani lokaci ya juyo ya ce faɗuwa da babur ba komai ba ne, kowa yana faɗuwa, ko tsoron da na ji ranar Asabar yana iya ganewa. Abin da zai ɗauke shi lokaci shi ne mako ukun nan, da nake riƙe masa kofi ina jin yana cewa ya zama wawa. Ya ce zai yafe, don an umarce mu, amma kada in nemi ya yi sauri. Ya ce kuma in tashi daga ƙasa, ba shi kaɗai ne mai karyayyen ƙashi ba.

Mama da ta dawo ta ji, ba ta yi faɗa ba. Ta zuba sauran kunun a cikin kwanona ta rufe ta miƙa mini. Wata huɗu ba ta amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya ba.

Da yammar nan na gaya wa mijina. Ya ce gobe zai nemi izini a wurin aiki ya raka ni. Muka fara da ofishin 'yan sanda, tare da lauyan nan. Na janye maganata ta farko na rubuta sabuwa, aka aika aka kira mai gyaran keke, ya tabbatar. An tsare ni a benci tun safe har bayan azahar ana ta tambayoyi, mutane suna shiga suna fita, wasu iyayen ɗalibaina ne. Daga can muka wuce ƙauyen matar, don danginta sun ɗauke ta daga asibiti sun kai ta wurin mai ɗori. Na same ta a kan tabarma a inuwar mangwaro, ƙafar a ɗaure da karare. Ba ta girme ni ba, 'ya'yanta huɗu. Na faɗa mata abin da na yi, mijinta yana tsaye yana huci. Ita kuwa ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce da irin Hausarmu ta nan, "Malama, ƙafa ya riga ya karye. Ni gona na ne yana damu na. Citta na yana cikin ciyawa, ba mai cirewa."

An yi zama uku kafin a daidaita, da dattawan ɓangarorin, da fastocinmu biyu, da lauya. Mai baburan ya so ya ɗora mini komai, lauya ya tuna masa batun inshora da rashin dubawa, ya sauko. Aka rubuta cewa ni da shi za mu ɗauki nauyin jinyar mutum biyun, aka mayar da matar asibiti aka ɗauki hoton ƙafar, aka janye ƙarar da ke kan Baba. 'Yan sanda sun ja mini kunne a rubuce, kuma na san da iyalin matar sun ƙi sulhu da a gaban alƙali na tsaya. Na ajiye muƙamin sakatariya a gaban dukan malamai, na faɗi dalili da bakina. Matashin malamin nan da na taɓa kunyatawa shi ne ya biyo ni waje ya ce in yi haƙuri, Allah ya rufa asiri. Duk daminar nan, kowace Asabar ni da mijina muna gonar matar muna cire ciyawa. A mako na uku mata shida daga zumunta suka zo da fartanyoyinsu ba tare da na roƙe su ba. Cittar ta yi, ko da yake ba kamar yadda ta saba samu ba.

Matar tana tafiya yanzu, amma da ɗingishi, kuma ba ta iya ɗaukar kaya a kai zuwa kasuwa kamar da. Baba bai koma aji ba, ƙugun bai yarda ya yi tsayuwar minti arba'in ba. Yara ne suke zuwa barandarsa da yamma yana koya musu a zaune. Baburan suna nan, an yi musu inshora, an sayo hulunan kwano, makanike yana zuwa kowace Juma'a. Duk wannan gyara da ƙafar mutum biyu aka saye shi.

Abin da nake so masu karatu su ɗauka ke nan. Irin waɗannan babura suna ƙaruwa a garuruwanmu, kuma suna da amfani, ban ce a guje su ba. Amma kafin ku sa hannu a kowace takarda ku karanta ta har shafin ƙarshe, ku tambaya ko akwai inshora, ku tambaya wa yake duba su, kuma wa zai amsa idan an buge mutum. Ku gwada birki biyun kafin ku bar wurin. Ku tuna ba su da ƙara, mai tafiya a ƙasa ba zai ji ku ba. Fiye da duka, abin da ake hawa tare amana ce. Idan ka mayar da shi da matsala ka yi shiru, ba ka san wa zai ɗauki maɓallin bayanka ba, kuma yawanci wanda ya yarda da kai ne, don shi ne ba zai duba ba. Kunyar da na guje wa ranar Asabar ta minti biyar ce a gaban abokan aiki. Da na sha ta, da yau mutum biyu suna tafiya daidai.

A watan jiya Mama ta aiko jikarta ta ce in zo, Baba yana son mai karanta masa jarida don idonsa ya fara gajiya. Ina zuwa ranar Laraba da Lahadi. Ba mu taɓa komawa kan maganar ba. Idan zan tafi yakan ce sai ya raka ni bakin ƙofa, ya ɗauki sandarsa, taku goma sha biyu ne amma yana ɗaukar mu lokaci. Yakan ce in yi gaba, kada in makara. Ni kuwa ina tafiya a gefensa, daidai da takunsa, har mu kai.